Zaman Kiɗan Jaz a Kano: Tambayoyin da Sababbin Zuwa Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi mana, mu da muke haɗuwa jefi-jefi mu yi kiɗan jaz a cikin garin Kano. Masu tambayar kala-kala ne: akwai yaran situdiyo masu fiyano, akwai makaɗan coci na Sabon Gari, akwai 'yan badujala, akwai kuma wanda ya gaji kalangu a gidansu yana son ya ji ko za a ba shi wuri. Mun tattara amsoshin a nan don kada kowa ya zo a makance.

Wai mene ne zaman jam ɗin nan da kuke ta faɗa?

Haɗuwa ce ta makaɗa waɗanda ba lallai ƙungiyarsu ɗaya ba, wasu ma ranar suka fara ganin juna. Ba a yi atisaye tare ba, ba a rubuta wa kowa abin da zai kaɗa ba. Sai a zaɓi waƙar da kowa ya san ginshiƙinta, a kaɗa ta sau ɗaya yadda take, daga nan kowa ya karɓa bi da bi ya ƙirƙiro nasa nan take a kan wannan ginshiƙi. Ya yi kama da majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i: akwai batun da ake kai, kowa yana da bakin magana, amma wanda ya hana kowa sakat, gobe in ya zo sai a yi shiru. Abin da ya sa muke cewa kunne ya fi yatsa amfani a wurin ke nan.

Daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Jaz kansa a birnin New Orleans na Amurka ya tashi, a hannun baƙaƙen fata, a farkon ƙarni na 20, kuma a 1917 aka fara sayar da shi a faifai. Makaɗan lokacin da dare suke aiki a gidajen rawa, suna kaɗa abin da mai gida yake so. In an tashi, sai su taru su yi wa kansu kiɗa har gari ya waye. Birnin Kansas City ya yi suna da irin wannan zama a shekarun 1930. Daga baya, a farkon shekarun 1940, wani gida a unguwar Harlem ta New York mai suna Minton's Playhouse ya zama matattarar su Thelonious Monk da Kenny Clarke da Dizzy Gillespie da Charlie Parker, kuma a irin waɗannan zaman aka ƙera salon bibob mai gudu da sarƙaƙiya.

Mu ma ba baƙin abin ba ne gaba ɗaya. Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Fela Kuti, kafin ya kafa salonsa na afrobit, haɗin hailaif da jaz yake yi da ƙungiyarsa Koola Lobitos, kuma makaɗin gangarsa Tony Allen ya sha faɗin irin darasin da ya ɗauka daga sauraron Art Blakey da Max Roach.

To ana yin sa a Kano kuwa? Ina zan je in samu?

Ana yi, amma ba irin na Legas ba, inda akwai gidajen da suka tsayar da rana kowane mako, har da bikin jaz na shekara-shekara. A Kano abin ya fi tafiya da sanayya. Yau a yi shi a falon wani, wani watan a situdiyo bayan an tashi aiki, wani lokacin a lambun wani otal a Nassarawa, ko a ɗakin atisayen wata coci a Sabon Gari da rana tsaka. Ba kasafai za ka ga sanarwa a bango ba.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka bi makaɗan da kansu. Je shagunan da ake sayar da jita da lasifika a Sabon Gari ka yi tambaya. Leƙa situdiyoyin Titin Gidan Zu, domin a cikin masu yi wa mawaƙan Kannywood kiɗa akwai waɗanda hannunsu ya wuce abin da kasuwa take nema a wurinsu. In ka ga ƙungiya tana kiɗa kai tsaye a wurin biki ko walima, jira su huta ka gaishe da mai bes (jitar nan mai kaurin murya) ko mai ganga. Su ne suka san inda ake haɗuwa, kuma yawanci a zauren WhatsApp ake sanar da rana. Ka kuma sa ido a ƙarshen watan Afrilu: tun 2011 hukumar UNESCO ta ware 30 ga Afrilu a matsayin Ranar Jaz ta Duniya, kuma makaɗa sukan yi amfani da ranar su haɗu.

Sai na ƙware kafin in zo?

A'a. Amma sai ka iya kayanka gwargwadon da za ka riƙe bugu ba tare da ka ja mutane baya ba, kuma ka san waƙa biyu ko uku da ka. Wanda bai kai nan ba ya zo ya zauna ya saurara, babu mai korarsa. Mu kan ma ba sabon zuwa shawara ya bar kayansa a gida a zuwan farko.

Yaya waƙa ɗaya take tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Wannan ita ce tambayar da in ka fahimci amsarta, rabin tsoron ya tafi.

Kowace waƙa tana da tsawo ƙayyadajje da ake aunawa da gaɓa. Gaɓa ɗaya yawanci bugu huɗu ce. Kod shi ne tarin sautuka da ake kaɗawa lokaci guda, kuma jerin kod ɗin waƙar daga gaɓar farko zuwa ta ƙarshe shi ne zagaye ɗaya, kuma shi ake ta maimaitawa ba canji har a gama. Abin da yake canzawa shi ne abin da ake ɗorawa a kai.

Zubi biyu ne suka fi yawa. Na farko buluz, mai gaɓa 12. A mafi sauƙin siffarsa, in ana ki na F (ki shi ne sautin da aka gina waƙar a kansa, kuma da haruffa irin su F da C ake kiran sautuka da kod), gaɓa huɗu ne a F, biyu a B-falat, biyu a F, ɗaya a C, ɗaya a B-falat, sannan biyu a F. 'Yan jaz sukan ƙara masa ado, amma ƙashin bayan ke nan. Na biyu mai gaɓa 32 ne, kashi huɗu, kowane kashi gaɓa takwas: na farko, a maimaita shi, sai wani daban da ake kira gada, sannan a koma na farkon. A nan sababbi suka fi faɗawa rami, domin in zagaye ya ƙare aka shiga sabo, kashin farkon yakan zo sau uku a jere, sai mutum ya manta a na nawa yake.

Tsarin kuwa haka yake. Wanda ya kira waƙar shi zai faɗi ki, ya ƙirga gudun da yake so. A kaɗa uwar waƙar, wato ainihin karinta da kowa ya sani, sau ɗaya, ko sau biyu in gajera ce. Sai masu busa su yi solo, wato kowa ya ƙirƙiro nasa nan take, ɗaya bayan ɗaya, sai jita da fiyano, sai bes. Daga nan akan yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga: kai ka yi huɗu, shi ya amsa da huɗu shi kaɗai, na kusa da kai ya yi huɗu, ya sake amsawa. A ƙarshe a koma uwar waƙar a rufe. Duk wanda ya tashi yana jin yadda Shata yake jefa baiti 'yan amshi suna karɓa, kalangu yana cike tsakani, wannan musayar ba za ta yi masa wuyar ganewa ba. Bambancin kawai shi ne a jaz ƙirgen gaɓa ba ya jiran kowa. Shata yana iya jan baiti yadda ya ga dama, 'yan amshi su jira shi. A nan in gaɓarka huɗu ta cika, ko kana tsakiyar magana sai ka saki.

Waɗanne waƙoƙi zan fara koya?

Fara da buluz a F da kuma a B-falat, domin babu zaman da za a tashi ba a yi ɗaya daga cikinsu ba. "C Jam Blues" ta Duke Ellington sauti biyu ne kacal a uwar waƙarta, ko yau ka ji ta za ka iya. Sai "Blue Bossa" ta Kenny Dorham, mai gaɓa 16, da "Autumn Leaves", wadda asalinta waƙar Faransa ce kuma aka fi kaɗa ta a ki na G maino. "So What" ta Miles Davis, wadda ta fito a 1959, kod biyu ne kawai a cikinta, sai dai kada sauƙin ya ruɗe ka: a cikinta aka fi ɓacewa, don babu wata alama a hanya da za ta gaya maka inda kake.

Gara ka san uku har cikin barci da ka san rabin guda ashirin.

Ban iya karanta nota ba. Da kunne nake kiɗa. Akwai matsala?

Babu. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya saurare a wurinmu da kunne suka koya. Abin da kake bukata shi ne ka gane sunayen kod in an rubuta su, ka kuma iya ƙirga gaɓa. Akwai manhajar waya mai suna iReal Pro da take nuna jerin kod na waƙoƙi masu yawa, tana kuma kaɗa maka bes da ganga ka yi atisaye a ɗaki. Tana da amfani, amma kada ka zo zama ka kafe idonka a kan waya. Wanda yake kallon waya ba ya ganin lokacin da aka yi masa alama.

Ni a situdiyo nake aiki, kuma na saba da maɓallin sauya ki a fiyano. Zan iya amfani da shi?

Za ka iya, babu ɗan sandan da zai kama ka. Amma bari mu gaya maka gaskiya. Aikin situdiyo yakan sa mutum ya ƙware a ki ɗaya, in mawaƙi ya ce a ɗaga ko a sauke sai a danna maɓalli. A jaz waƙa ɗaya takan ratsa ki biyu ko uku a cikin zagaye guda, kuma babu lokacin danne-danne. Sannan sau da yawa fiyano ɗaya ake karɓa-karɓa: in ka tashi ka bar maɓallin a danne, wanda ya zauna bayanka zai shiga waƙa a ki ɗin da ba shi ba, kuma kai za a kalla. Ɗauki wata guda ka koyi F da B-falat da E-falat da yatsunka. Haka kuma ka kashe gangar cikin fiyanon da bes ɗin hannun hagu. Akwai mutane masu rai da aka tanada don wannan aikin, kuma in hannunka na hagu ya sauka ƙasa yana taka sawun mai bes, sautin duka sai ya dagule.

Masu busa su ma suna da nasu lissafin, domin sunan ki a kayansu ya bambanta da na fiyano. In aka ce F, ana nufin F na fiyano. Mai tirampet da mai saks tena (tena da alto nau'o'i ne na kayan busan nan saks) za su busa a G, mai saks alto kuma a D. In aka ce B-falat, tirampet da tena suna C, alto yana G. Ka haddace wannan tun a gida.

Ni kalangu nake kaɗawa. Abokina kuma gurmi. Za a karɓe mu?

Da hannu biyu, kuma a ganinmu nan ne Kano take da abin da babu a wani wuri. Sai dai kowane kaya da inda ya fi zama.

Kalangu yana shiga cikin sauƙi, musamman wajen musayar huɗu-huɗu, saboda yana hawa yana sauka kamar muryar mutum, zai iya maimaita abin da saks ya faɗa ya kuma ba shi amsa. Sharaɗin shi ne ku daidaita da mai gangunan bature tun kafin a fara: shi ke riƙe da bugu, kai kana magana a kai. In ku biyun kuka ce kowa shi ne direba, ba za a je ko'ina ba.

Gurmi da kukuma da garaya sun fi jin daɗi a waƙar da ba ta yawan sauya kod. Kiɗanmu na gargajiya yawancinsa a kan sauti biyar yake tafiya, kuma wannan jerin yana zama daram a kan buluz ko a kan kod ɗaya da aka riƙe ana juyawa. Ka ce a ba ku irin wannan, ka ɗaure tsirkiyarka daidai da fiyano, sai ka ga kamar dama can tare aka yi su. Amma waƙa mai gudu da take sauya kod kowane bugu biyu, gara ka zauna ka sha shayi. Ba gazawa ba ce, kayan ne ba a ƙera shi don haka ba. Ka kuma nemi makirfo, don gurmi ba ya iya ja da ganga da lasifika.

Algaita kuwa matsalarta akasin haka ce. Don fili da hawan sarki aka yi ta, a cikin falo takan rufe kowa. In za ka zo da ita, ka tsaya nesa da makirfo, ka kuma taƙaita.

Na iso wurin. Me zan yi?

Yi sallama, ka gaida mutane, ka nemi mai jan ragamar zaman. Kowane zama yana da shi, ko da ba a naɗa shi a baki ba: shi ne mai cewa wane ya hau, wane ya sauka. Ka gaya masa sunanka, abin da kake kaɗawa, da waƙoƙin da ka sani. In ya girme ka, Malam ko Yaya ko Oga ya wadatar, gwargwadon yadda ka ji ana kiransa. Sannan ka zauna ka jira a kira ka.

Kada ka zaro kayanka ka fara gwaji ana tsakiyar waƙa. Kada ka taɓa jitar wani ko ka zauna a gangarsa sai ya ce bismilla. In an kira waƙar da ba ka sani ba, ka ce ba ka san ta ba. Babu kunya a ciki, kuma sau da yawa za a ce to wacce ka sani, a yi ta. Bayan waƙa biyu ka sauka da kanka tun ba a ce maka ba, musamman in kai mai fiyano ne ko mai ganga, tun da kujera ɗaya ce masu jira da yawa.

Solo nawa ne tsawonsa?

A buluz zagaye biyu ko uku, a mai gaɓa 32 ɗaya ko biyu. Ka fara a farkon zagaye, ka ƙare a ƙarshensa, ka ɗaga kai ka kalli na gaba. In masu busa sun kai biyar a layi, rage.

In na ɓace a tsakiyar waƙa fa?

Kowa yana ɓacewa, har waɗanda suka yi furfura a harkar. Daina kaɗawa, ka saurari bes. Shi ne yake taka tushen kowane kod, kuma mai ganga yakan yi wani ɗan cike a ƙarshen kowace gaɓa takwas, ya buga farantin ƙarfen nan da ke cikin gangunansa a farkon sabon zagaye. Ka jira wannan bugun ka shiga. Shirun gaɓa huɗu ba ya damun kowa, masu sauraro ma sukan ɗauka da gangan ka yi. Abin da yake ɓata waƙa shi ne ka ci gaba da zuba sauti da ƙarfi a wurin da ba nan ake ba, har ka ja wasu su bi ka. Kada kuma ka tsayar da waƙar don ka ba da haƙuri.

Ana ba da labarin Charlie Parker yana matashi a Kansas City, ya hau wani zama ya rikice, har mai ganga Jo Jones ya jefar da faranti a gabansa alamar ya sauka. Ya tafi ya duƙufa da atisaye, ya dawo ya zama wanda ake koyi da shi har yau. A Kano babu mai jifanka da faranti. Iyaka a yi maka murmushi, in an tashi wani ya ja ka gefe ya nuna maka inda ka kauce.

Na ga suna ta yi wa juna alamu da hannu. Me suke nufi?

In mutum ya dafa kansa, a koma uwar waƙa. Yatsu huɗu a sama, a fara musayar huɗu-huɗu. Dunƙulen hannu, wannan ne zagayen ƙarshe. Juya yatsa a iska, a ci gaba, a ƙara zagaye. In an kalle ka aka gyaɗa kai, layinka ne. Sannan in za ka tafa ko ka kaɗa yatsa, a bugu na biyu da na huɗu ake yi, ba na ɗaya da na uku ba.

Ni mawaƙi ne. Zan iya rerawa da Hausa?

Sosai ma. Buluz mai gaɓa 12 layi uku ne: ka faɗi magana, ka maimaita ta, ka kawo amsarta, kuma Hausa tana zama a wannan zubi lafiya lau. Ka dai lura da karin harshe, domin in waƙar ta hau inda kalmar take sauka, ma'ana takan juye. Ka zo ka san ki ɗin da muryarka take so, kada ka ce wa makaɗa su bi ka kawai. In ka gama baitinka, ka matsa ka bar masu kaya su yi nasu.

Abu ɗaya da muke roƙo: ba wurin kirari da wasa masu kuɗi ba ne. In Alhaji ya shigo, a gaishe shi in an gama waƙar. Da zarar an fara ambaton sunaye ana jiran a ga hannu ya shiga aljihu, zaman ya koma wani abu daban.

Mace za ta iya zuwa?

Za ta iya, kuma akwai mata masu fiyano da masu murya da suke zuwa, musamman daga cikin mawaƙan coci da ɗalibai. Shawararmu ga 'yar'uwa mai son zuwa ita ce ta fara da zaman rana ko na yamma, a wurin da aka san mai shi, ta zo da 'yar rakiya ko ɗan'uwanta, kuma gida su san inda take. Masu shirya zama su ma nauyi ne a kansu su sa lokacin da mace za ta iya halarta ta koma gida da wuri.

Batun addini fa? Kuma ba a shan giya a wurin?

Hukuncin kayan kiɗa magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma mu ba masu ba da fatawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Abin da za mu iya faɗa shi ne yadda muke yi: in an kira sallah ana ajiye kaya, waɗanda ba Musulmi ba su huta su jira, kuma da azumi akan dakata sai bayan sallah. Ba a sa zama da safiyar Lahadi, don rabin masu bes da ganga suna coci.

Giya kuwa ya danganta da wurin. Zaman gida da na situdiyo shayi ne da lemo da ruwa. Wasu wuraren a Sabon Gari suna sayar da ita, don haka ka tambaya kafin ka je. Kano jiha ce mai bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma kowa ya san Hisbah tana aikinta.

Ana bukatar izinin hukuma?

Mutum shida a falo suna kiɗa ba da ƙarar da za ta dami maƙwabta ba, wannan harkar gida ce. Amma in za a kama zaure, a buga sanarwa, a sayar da tikiti, to an shiga taron jama'a. Sai a tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda harkar mawaƙa take ƙarƙashinta, a ji abin da ake bukata a lokacin, a kuma sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mai wurin da za ku kama yawanci ya san hanyar.

Ana biya ne, ko ana biyan mutum?

Ba a biyan kowa. Akan yi karo-karo don man janareta da ruwan sha, wani lokaci da ɗan abin da za a ba mai wurin. In kana da hali ka sa, in ba ka da shi ka taimaka da ɗaukar kaya da naɗe waya. Wanda ya ji daɗi yana son ya yi alheri, ya sa a faranti. Liƙi yana katse mai solo, kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira a wurin taro.

Ribar tana zuwa ta wata hanya. A irin wannan zama ake ganin hannun mutum, kuma daga nan ake kiransa aikin biki ko na situdiyo.

Me zan zo da shi?

Kayanka, wayar haɗa jitarka, abin daidaita sauti, da tsirkiya ta ko-ta-kwana. Mai ganga ya zo da sandunansa, in da hali har da burushi mai rage ƙarar ganga, domin ɗakunanmu ƙanana ne. Mai jita ya tambaya ko akwai amfilifaya a wurin. Kada ka dogara da wutar lantarki: ka yi cajin komai, kuma yana da kyau ƙungiya ta san waƙa ɗaya ko biyu da za a iya yi ba lasifika in wuta ta ɗauke kafin a tada janareta.

Yanayin Kano ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, ɗan tsinken gorar da ake ɗaurawa a bakin saks yakan bushe ya lanƙwashe, don haka ka jiƙa shi tun da wuri ka kuma riƙe wani. Katakon jita yakan tsuke, fatar kalangu takan ɗaure, ƙura kuma tana shiga maɓallan fiyano in ba a rufe shi ba. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kayan busa sukan ɗaga sauti sama, tsirkiya kuma ta saki, sai an riƙa daidaitawa tsakanin waƙa da waƙa. Kada ka bar jita a cikin mota a rana.

Ka kuma shirya yadda za ka koma gida. A 2022 gwamnatin jiha ta sa dokar hana A Daidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko ba doka, samun abin hawa da dare da fiyano a kafaɗa ba wasa ba ne.

Zan iya ɗaukar bidiyo in sa a TikTok?

Sai ka tambayi duk wanda fuskarsa za ta fito. Akwai ma'aikacin gwamnati a cikinmu, akwai malamin makaranta, akwai wanda gidansu ba su san yana busa ba. In don ka koya ne, ɗauki murya kawai ka saurara a gida. Za ka ji inda ka yi gaggawa da inda ka cika surutu, abin da ba ka ji lokacin da kake kai.

Unguwarmu babu irin wannan. Yaya za mu fara namu?

Ka fara neman mai bes da mai ganga, sannan mai fiyano ko jita. In waɗannan ukun sun tsaya da ƙafarsu, kowa zai iya hawa a kansu. Masu solo ba sa wuyar samu, su za su neme ku. Ku tsayar da rana ɗaya a wata, kada ku riƙa canza ta, ku sa lokacin tsakanin la'asar da isha'i da hutun magariba a tsakiya. Ku aika sunayen waƙoƙi huɗu ko biyar da ki ɗinsu mako guda kafin ranar, don kowa ya duba a gida. Mutum ɗaya ya riƙe takardar sunaye yana kira bi da bi, kuma ya zama wanda zai iya ce wa babba ya isa haka cikin ladabi. Ku shaida wa maƙwabta tun kafin su ji ƙarar ganga, ku kuma gaya musu ƙarfe nawa za ku tashi.